Shaidar da Ke Cikin Jini: Abin da Gwajin DNA Zai Iya Yi Mana da Inda Iyakarsa Take

A farkon shekarun 1980, wani yaro ɗan asalin Ghana da aka haifa a Ingila ya sauka a filin jirgin saman Landan, zai koma wurin mahaifiyarsa bayan ya ɗan zauna a Ghana. Jami'an shige da fice suka juya fasfo ɗinsa gaba da baya, suka ce ba su gamsu ba. Zarginsu shi ne an yi musanya: ɗan gidan na gaskiya yana can Ghana, wannan kuwa wani yaro ne daban, wataƙila ɗan 'yar'uwar matar, ake so a shigo da shi da takardun wani. Aka soma shirin mayar da shi inda ya fito.

Uwar ta kawo hotuna da takardu, aka kuma yi gwajin rukunin jini irin wanda aka sani a lokacin. Gwajin ya nuna akwai dangantaka, amma ya kasa faɗin ko matar nan ita ta haife shi ko kuwa yayarta ko ƙanwarta. Uban ba ya kusa balle a ɗebi jininsa. Ana cikin wannan hali lauyar da ke tsaya wa iyalin ta karanta a jarida cewa wani malami a Jami'ar Leicester, Alec Jeffreys, ya gano sabuwar hanyar tantance mutum ta ƙwayoyin gadonsa. Ta rubuta masa takarda a shekarar 1985.

Jeffreys ya karɓi jinin uwar, da na yaron, da na 'yan'uwansa uku waɗanda babu mai jayayya a kansu. Duk alamar da ya gani a jikin 'yan'uwan nan uku wadda babu ita a jikin uwa, ya san daga uba ta fito. Da haka ya harhaɗa gadon mutumin da bai taɓa gani ba. Da ya zo kan yaron, kowace alama a jikinsa ta dace ko dai da ta uwar ko da ta wannan uban. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta janye ƙorafinta, yaro ya zauna da mahaifiyarsa.

A ƙasar Hausa yau, da zarar an ambaci gwajin DNA, abin da ke faɗo wa yawancin mutane shi ne miji mai zargin matarsa, da auren da zai mutu, da 'ya'yan da za a bari cikin kunya. Abin takaici ne a ce ilimi mai girma irin wannan ta wannan ƙofa kawai muka san shi. Aikinsa na farko a duniya mayar wa uwa ɗanta ne. Na farko a binciken kisa kuwa, kamar yadda za mu gani, ƙwato marar laifi ne daga hannun hukuma.

Safiyar Litinin a Leicester

Ranar Litinin 10 ga Satumba 1984, da misalin ƙarfe tara na safe, Jeffreys ya ciro wani fim irin na hoton ƙashi daga ruwan wanki a ɗakin bincikensa. Ba neman ɓarawo ko mai kisa yake yi ba. Yana nazarin yadda gado ke bambanta daga mutum zuwa mutum ne, domin gano yadda cututtuka ke bin dangi. A kan fim ɗin akwai samfur na wata ma'aikaciyarsa da na mahaifinta da mahaifiyarta. Da farko abin ya zo masa a hargitse, baƙaƙen layuka jere, wasu masu kauri wasu sirara. Da ya ƙura ido sai ya lura layukan kowane mutum daban suke, kuma layukan 'yar rabi na uwa ne rabi na uba. Cikin ɗan lokaci ya fahimci abu biyu ne a hannunsa: hanyar gane mutum, da hanyar gane dangantakarsa. A 1985 ya wallafa sakamakon a mujallar kimiyya ta Nature, a 1994 kuma Sarauniyar Ingila ta karrama shi saboda wannan aiki.

Yadda abin yake

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, tiriliyoyinsu. A cikin cibiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare a naɗe, shi ne DNA, wanda ke ɗauke da umarnin ginin jiki. An rubuta umarnin da sinadarai huɗu kacal, masana na yi musu laƙabi da haruffan A, T, G da C, kuma jerinsu ya kai kusan biliyan 3. Zaren a rabe yake gida 46, guda 23 daga uwa, guda 23 daga uba. Idan aka ɗauki mutum biyu ko daga ina a duniya, Bahaushe da Bajamushe ko Basine, kusan kashi 99.9 cikin 100 na wannan jeri iri ɗaya ne. Ɗan abin da ya rage shi ne mai bincike ke nema.

A wasu wurare na zaren akwai gajeren jeri, misali haruffa huɗu, da ke maimaita kansa sau da yawa a jere. Yawan maimaicin ne ke bambanta. A ɗauka kowane irin wannan wuri carbi ne, kowane maimaici kuma ƙwayar carbi guda. Kowane mutum yana da carbi biyu a wurin, ɗaya na wajen uwa, ɗaya na wajen uba. Aikin ɗakin gwaji shi ne ƙirga ƙwayoyin. Wani za a same shi da 11 da 14, wani da 9 da 12. Idan uwa tana da 11 da 12, ɗanta kuma yana da 11 da 14, to dole 14 ɗin nan ta fito daga uba, kuma duk mutumin da ba shi da 14 a wannan wuri akwai tambaya a kansa.

Wuri ɗaya ba ya isa hujja, domin mutane da dama na iya yin tarayya a lamba ɗaya. Ƙarfin gwajin yana cikin tara wurare. A ce mutum ɗaya cikin goma ne ke da lambobinka a wuri na farko, haka ma a na biyu. Wanda zai dace da kai a duka biyun ɗaya ne cikin ɗari. A wuri uku, ɗaya cikin dubu. Kafin a kai wuri tara an shiga ɗaya cikin biliyan. Rumbun bayanan 'yan sandan Amurka ya soma da wurare 13 a ƙarshen shekarun 1990, a 2017 ya ƙara zuwa 20.

Hanyar farko ta Jeffreys tana buƙatar jini mai ɗan yawa da makonni ana aiki. Abin da ya sauƙaƙa komai shi ne dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, wadda ta sa aka ba shi lambar Nobel a 1993. Dabarar tana kwafar guntun DNA ta ninka shi: ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, bayan zagaye 30 an sami kusan kwafi biliyan guda. Shi ya sa yau ɗigon yawu a bakin kofi, ko saiwar gashi, ko guntun tsohon ƙashi na iya wadatarwa. Mai rai ma ba sai an huda shi da allura ba, auduga ake goga masa a cikin kumatu.

Akwai kuma zare biyu na musamman. Ɗaya yana bin maza kawai, daga kaka zuwa uba zuwa ɗa, kusan ba ya canzawa. Ɗayan kuma kowa daga uwarsa yake gadonsa, ita ma daga tata uwar. Da su ake bin sawun dangi idan iyaye ba su nan. Ya kamata kuma a bambance wannan gwaji da wanda ake yi kafin aure don gano sikila. Na sikila yana duba nau'in jini ne, AA ko AS ko SS, kuma miliyoyin mutane na tarayya a kowanne. Wannan kuwa yana duba wuraren da ba su faɗin lafiyar mutum ko halinsa, sai dai su bambanta shi da saura.

Wanda aka fara wankewa

A watan Nuwamba 1983 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 fyaɗe aka kashe ta a ƙauyen Narborough, kusa da Leicester. A Yulin 1986 aka sake yin irin wannan ta'asa ga wata yarinyar, ita ma 'yar 15, a ƙauyen Enderby da ke maƙwabtaka. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17 mai aiki a ɗakin girkin wani asibiti. Da aka matsa masa da tambayoyi sai ya amsa kisa na biyu, amma ya musanta na farko. 'Yan sandan suka je wurin Jeffreys da niyyar ya tabbatar musu cewa saurayin ne ya yi duka biyun.

Amsar da suka samu ta girgiza su. Lallai mutum ɗaya ne ya aikata laifukan biyu, amma ba wannan saurayin ba ne. Aka maimaita gwajin a ɗakin binciken gwamnati, sakamako bai canza ba. Aka sake shi kafin ƙarshen 1986. Mutumin da ya amsa laifi da bakinsa, jini ya ce ba shi ba ne. Wannan darasi ne ga duk ƙasar da 'yan sandanta suka dogara da cewa mai laifi ya amsa, domin tsoro da gajiya da duka na sa mutum ya amsa abin da bai yi ba.

Daga farkon 1987 'yan sanda suka nemi mazan yankin su ba da jini da yawu, aka tara na mutum fiye da 5,000, ba a dace ba. Ashe mai laifin, wani mai gashin burodi da ake kira Colin Pitchfork, ya lallaɓi abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: abokin ya yi suɓul da baka a wurin hira, wata mata da ta ji ta kai rahoto. A Satumba 1987 aka kama Pitchfork, gwaji ya dace da shi, a Janairu 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Amurka ta ga irin wannan sau ɗaruruwa. A 1992 lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa ƙungiyar Innocence Project don sake duba tsofaffin shari'o'i da wannan gwaji. A 1993 aka saki Kirk Bloodsworth, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa kan kisan wata yarinya, bayan ya shafe kusan shekara tara a kurkuku. Da aka bi diddigin irin waɗannan shari'o'i, abin da ya fi jefa marasa laifi a kurkuku shi ne shaidar gani da ido da ta kuskure. Hausawa sun daɗe da faɗa, kama da wane ba ta wane.

Kakanni masu neman jikoki

Daga 1976 zuwa 1983 sojoji suka mulki Ajantina, suka ɓatar da dubban mutane. Matan da aka kama da ciki akan bar su su haihu a tsare, sannan a kashe su, a ba da jariran ga iyalan sojoji ko makusantansu. An ƙiyasta yaran sun kai 500. A 1977 iyayen waɗannan mata suka kafa ƙungiyar Kakannin Dandalin Mayo. Matsalarsu babba ce: ta yaya za a tabbatar yaro jikanka ne alhali uwarsa da ubansa duk ba su a duniya? Wata masaniya 'yar Amurka, Mary-Claire King, tana cikin waɗanda suka samo musu hanyar lissafin dangantaka tsakanin kaka da jika, daga baya ta yi amfani da zaren nan da ke bin tsatson uwa. A 1987 majalisar ƙasar ta kafa rumbun ajiyar bayanan gado na ƙasa, inda kakanni suka ajiye jininsu domin ko bayan ransu jika ya zo ya sami danginsa. Zuwa yanzu an gano fiye da 130. Shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, ta sami nata jikan a 2014, yana da shekara 36.

A Bosniya, a watan Yulin 1995, sojojin Sabiyawa suka kashe Musulmi maza da samari kusan 8,000 a Srebrenica. Don ɓoye laifin suka tone manyan kaburbura da motocin haƙa, suka kwashe gawarwakin zuwa wasu ramuka, har ƙasusuwan mutum ɗaya suka watsu a wurare daban-daban. Hukumar ƙasa da ƙasa mai neman waɗanda suka ɓata, wadda aka kafa a 1996, ta bi iyalai gida-gida tana karɓar ɗigon jini, tana kwatantawa da ƙasusuwa. Ta haka aka gano sunayen kusan 7,000. Aka yi musu sallah, aka binne kowa a kabarinsa da sunansa, sakamakon kuma ya zama hujja a kotun duniya da ke Hague.

Giwa, rogo da naman kanti

Amfanin wannan ilimi bai tsaya ga ɗan Adam ba. Samuel Wasser na Jami'ar Washington ya tattara kashin giwaye daga sassan Afirka ya zana taswirar gadonsu. Idan aka kama hauren giwa a tashar jiragen ruwa a Asiya, yana iya faɗin yankin da aka kashe giwar. Bincikensa na 2015 ya nuna mafi yawan manyan kamun da aka yi sun fito ne daga wurare biyu: yankin Tanzaniya da arewacin Mozambik, da kuma dazuzzukan da suka haɗa Gabon, Kongo, Kamaru da Afirka ta Tsakiya. A Afirka ta Kudu, Jami'ar Pretoria na ajiye bayanan karkanda, ta yadda za a haɗa ƙahon da aka kama a hannun mutum da gawar dabbar da aka tsinta a daji. A Turai kuwa, gwajin DNA ne ya tona a 2013 cewa ana sayar wa mutane naman doki da sunan na shanu.

Manomi ma yana da rabo. Masu bincike na cibiyar aikin gona ta IITA da ke Ibadan sun bi gonakin rogo a Najeriya, suna tambayar manomi irin da ya shuka, sannan su tsinki ganye su gwada. Sai ga shi da yawa daga masu cewa ingantaccen iri suka shuka na gargajiya ne a gonarsu, wasu kuma suna da ingantaccen ba su sani ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Manomin da ya zuba kuɗin taki yana zaton irinsa mai yawan yabanya ne, alhali an yi masa algus a kasuwa, asara yake tafkawa. Hanyar da ta tantance rogo za ta iya tantance wake da masara da shinkafa, ta kama mai sayar da jabun iri.

Inda shaidar ke tuntuɓe

Duk da wannan ƙarfi, tambaya ɗaya kawai gwajin ke amsawa: wannan samfur daga jikin wa ya fito? Ba ya faɗin yadda ya zo wurin, ko yaushe, ko da wace niyya.

'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da inda aka kashe wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 gaskiya ta fito: matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar da 'yan sandan ke ɗaukar samfur da ita. A Kalifoniya, a 2012, aka sami DNA na wani marar galihu a farcen wani attajiri da aka kashe, aka tsare shi wata biyar. Ashe a daren kisan yana kwance a asibiti. Ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya da suka kai shi su ne aka kira daga baya zuwa gidan mamacin, suka tafi da ɓurɓushin jikinsa ba da saninsu ba.

Halitta ma tana da nata sirrin. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gwajin yau da kullum ba ya raba su. A 2002, a jihar Washington, gwaji ya ce wata mata ba ita ta haifi 'ya'yanta ba, har aka zarge ta da zamba. Kotu ta tura wakili ya shaidi haihuwarta ta gaba da idonsa, gwaji ya sake cewa ba ita ba ce. Daga baya aka gano tana ɗauke da gado iri biyu a jiki ɗaya, saboda tun a cikin mahaifiyarta ta haɗe da ƙwan abokiyar tagwaitakarta. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa alƙali ya nemi ƙarin hujja.

Sai batun sirri. Birtaniya ta buɗe rumbun DNA na 'yan sanda a 1995, a 2008 kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce bai halatta a riƙe bayanan waɗanda ba a same su da laifi ba har abada. Kuwait ta yi doka a 2015 ta tilasta wa kowa ba da samfur, kotun tsarin mulkinta ta soke dokar a 2017. A 2018 'yan sandan Amurka suka kama Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sanda da ya kashe mutum 13, ta hanyar danginsa na nesa da suka sa bayanansu a shafin neman asali a intanet. An yi murna da kamun, amma ya nuna cewa wanda ya ba da samfurinsa ya ba da wani ɓangare na sirrin danginsa gaba ɗaya. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman, saura a ga an yi aiki da ita.

Nasaba, aure da Shari'a

Neman gane dangantaka ta alamun jiki ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Larabawa suna da masu ƙiyafa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Mujazziz Al-Mudliji ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance a lulluɓe, ya shaida cewa jini ɗaya ne, Annabi (SAW) kuma ya yi farin ciki da hakan. Mazhabobi sun yi saɓani a kan iyakar aiki da ƙiyafa, amma sun haɗu a kan cewa ɗan da aka haifa a cikin aure na mijin ne, kuma hanyar kore shi ita ce li'ani a gaban alƙali.

A zamanta na 16 a Makka, a farkon 2002, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta duba wannan gwaji. Ta yarda a yi amfani da shi wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da inda ake jayayya kan yaron da ba a san nasabarsa ba, da inda aka musanya jarirai a asibiti, da inda yara suka ɓace saboda yaƙi ko bala'i, da gane gawarwaki. Ta hana a yi amfani da shi don tone nasabar da ta riga ta tabbata, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma nemi a riƙa yin sa da umarnin kotu a ɗakunan gwajin da hukuma ke sa wa ido. Dokar Najeriya ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar shaida ta 2011 tana ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa, a matsayin ɗan mijin, dokar haƙƙin yara ta 2003 kuma ta ba kotu ikon ba da umarnin gwaji idan ana jayayya.

Akwai hikima a wannan taka-tsantsan. Lokaci-lokaci ɗakunan gwaji masu zaman kansu na fitar da alƙaluma kan yawan mazan da aka gano ba su ne iyayen 'ya'yansu ba, sai a yi ta yayatawa a Facebook kamar hoton dukan gidajen ƙasa ne. Waɗanda ke zuwa gwajin galibi masu zargi ne tun farko, don haka alƙalumansu ba su wakiltar sauran jama'a. Kuma a duk irin wannan rikici, wanda ya fi kowa cutuwa shi ne yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Gwajin da aka yi a ɓoye, ba a san wanda ya ɗauki samfur ba, ba a san hannun da ya bi ba, bai kai a rushe gida a kansa ba.

Inda buƙatarmu take

Lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 a ciki, sai da aka aika samfura Ingila kafin iyalai da dama su karɓi gawarwakin 'yan'uwansu. A 2017 gwamnatin Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA tata, a Oktoba 2020 kuma aka lalata ta a tarzomar da ta biyo bayan zanga-zangar EndSARS. Arewa, inda buƙatar ta fi tsanani, ita ce ta fi ƙarancin kayan aiki.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta yi rajistar mutum fiye da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, akasarinsu a rikicin Boko Haram, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓace. A 2019 'yan sandan Kano suka ceto yara tara da aka sace aka kai Anambra, aka canza musu suna. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara uku, bayan shekara biyar harshensa ma ya manta, balle unguwarsu. A Nijar, a Oktoba 2013, aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kantche. Sahara ta ci wasu da yawa da babu wanda ya san sunansu. Bayan kowane ɗaya akwai matar da ba ta san ko ta yi takaba ba, da gadon da ba a raba ba, da uwar da ba ta daina sauraron sallama ba.

Haka batun fyaɗe. Shari'o'i da yawa na rushewa saboda magana ce ta yarinya da ta babban mutum. Shaidar jiki na iya tsaya mata, amma sai an kai ta asibiti da wuri, zai fi kyau cikin kwana uku, kafin wanka, tare da tufafin da ke jikinta a naɗe cikin takarda. Leda tana riƙe danshi, danshi da zafi kuma suna lalata DNA. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna suna karɓar waɗanda aka ci wa zarafi, sai dai aikinsu ba zai kai ga hukunci ba idan babu ɗakin gwajin da zai karɓi samfur, da ɗan sandan da ya san yadda ake riƙe shi, da rajistar da ke nuna duk hannun da ya taɓa shi daga asibiti zuwa kotu.

Abin da ake buƙata a bayyane yake. Jihohin Arewa su haɗa ƙarfi su kafa ɗakin gwaji ko da guda ɗaya ne a wani asibitin koyarwa, mai wuta ba yankewa da ma'aikata masu amana. A horar da 'yan sanda da likitoci da alƙalai, na kotunan Shari'a da na sauran kotuna, su san ƙarfin wannan shaida su kuma san iyakarta. A yi doka kan wanda ke da ikon ɗaukar samfur, da inda za a ajiye, da lokacin da za a goge.

Akwai kuma aiki ɗaya da ba ya jiran a gama gini. Ana gane wanda ya ɓata ne ta hanyar kwatanta shi da danginsa na kusa, kuma babu samfurin da ya kai na uwa da uba. Iyayen waɗanda suka ɓace a Borno da Yobe da Adamawa tun shekara goma da suka wuce suna tsufa, wasu a sansanonin gudun hijira, wasu sun riga sun rasu. Duk wanda ya tafi ba a ɗauki samfurinsa ba, damar gane ɗansa ta ragu. Ɗigon jini a kan kati na musamman yana daɗewa shekaru ba tare da firiji ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Gwamnatocin jihohi, da sarakuna, da malamai, da ƙungiyoyin agaji za su iya soma wannan rajista a bana, da yardar iyalai da kuma alƙawarin cewa ba za a yi amfani da ita don wani abu daban ba. Mutanen nan sun yi haƙuri iya haƙuri, kuma haƙƙinsu ne a kanmu mu tanadi abin da zai ba su amsa.